Rakiyar da Ta Rufe wa Denisa Ƙofa

Unguwar Bakin Rafi,
Gabashin Slovakiya,
Ƙarshen watan Satumba.

Zuwa ga ɗan yayata kuma ɗana, Tibor,

Gaisuwa mai yawa, da kewa, da fatan alheri zuwa gare ka. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Renata, da yaran nan biyu da kuka haifa a can waɗanda har yau ban gan su ba sai a gilashin waya. Ubangiji ya tsare ku a ƙasar Ingila, ya ƙara maka ƙarfin baya a masana'antar kajin nan, ya kiyaye yatsunka daga wuƙar inji, ƙirjinka kuma daga sanyin ɗakin ajiya. Duk ranar Lahadi mahaifiyarka tana kunna muku kyandir a gaban hoton Maryamu. Kafin 'yan kwanakin nan ni ma nakan cire hula in tsaya a bayanta, ko da yake ni da addu'a mun daɗe muna gaisawa daga nesa.

Mu nan muna nan yadda ka bar mu, sai dai mun ƙara tsufa. Ƙafafun uwarka, Yaya Aranka, sun kumbura har takalmi ba ya shiga, amma harshenta lafiya lau yake. Famfon unguwa ya sake mutuwa, mata sun koma ɗiban ruwa a rafi, magajin gari ya ce ana jiran wani ƙarfe daga birni, ƙarfen da ake jira tun kana nan. An fara tonon dankali a gonakin gajo, turawan nan na saman tudu da ba jininmu ba, mu 'yan ƙabilar Roma na ƙasan rafi kuma, kamar kullum, namu kala ne bayan inji ya wuce. Ɗan baffanka Bandi ya sayi wata tsohuwar motar kaya fara, za ka ji labarinta nan gaba. Ni kuwa ina nan da rigata mai ruwan lemo da tsintsiyata, ina share wa ƙauye titi don kada a yanke mini ɗan tallafin gwamnati.

Za ka ce me ya hana Kawu kira a waya kamar kowa. Ka san wayar gidanmu. Kafin in gama gaisuwa uwarka ta fizge, Bandi yana ihu ta bayan kafaɗarta, jikoki suna tura fuska, a gama ba wanda ya ji wani. Maganata kuwa tana son a ji ta har ƙarshe. Ka aiko cewa a sa Denisa a motar Ingila ta ƙarshen wata, ta zo ta riƙe muku yara don Renata ta koma aiki. Direba zai miƙa maka wannan takarda a maimakon 'yarka. Ka kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Tana birni, a makarantar koyon jinya, tana kwana a gidan kwanan ɗalibai, kuma ni na kai ta da ƙafata ba tare da izininka ba. Uwarka ta hana kowa gaya maka, tana sa ran yarinyar za ta gudo kafin mota ta tashi. Ba ta gudo ba. Nemi wuri ka zauna ka karanta, in ka gama ka zage ni. Na riga na sha zagin waɗanda suka fi ka iyawa.

Lokacin da kuka tafi ka bar ta a hannun uwarka, ka ce mini in sa ido a kan karatunta. Wataƙila faɗa kawai ka yi irin ta mai sallama, ni kuwa na riƙe. Malaman makarantar ƙauye sun so su mayar da ita ajin baya, wanda ake tara 'ya'yanmu a ba su fensir mai launi su yi ta shafe takarda har gemu ya fito musu. Na sa tsohuwar kwat ɗina na je na zauna a ofishin shugaban makaranta har ya gaji da ganina. A bazarar nan ta zauna jarrabawar shiga makarantar jinya, ta ci. Tun da na tafi makarantar ƙere-ƙere a zamanin gurguzu, ba a sake samun wanda ya fita daga unguwar nan zuwa babbar makaranta ba sai ita. Ka kuma san inda nawa karatun ya ƙare. Na yi shekaru ina zana sassan inji, aka canja gwamnati, aka rufe masana'anta, duk ofishin da na shiga da takarduna sai su dubi takarda, su dubi fuskata, su ce ai jiya aka ɗauki wani. Shi ya sa uwarka ba ta da sunan da take kirana da shi sai Injiniyan Tsintsiya.

Kafin sakamakon ya fito an yi wani taro a zauren ƙauye. Wata yarinya mai tabarau ta zo daga babban birni, daga wata ƙungiya, don ta shawo kan magajin gari da 'yan majalisarsa su sa kuɗi a karatun yaran Roma. Ba ta yi musu wa'azin tausayi ba, a nan na ga wayonta, don tausayi bai taɓa gyara mana famfo ba. Lissafi ta yi musu. Ta ce su dubi ƙauyensu: 'ya'yansu sun watse, matansu masu ƙarfi sun tafi Ostiriya jinyar tsofaffin wasu, makarantar ƙauye ma ba don yaran ƙasan rafi ba da tuni an sa mata kwaɗo. Ta ce yaron da aka bari bai yi karatu ba, gwamnati za ta ciyar da shi har kabari, da tallafin da ba ya ƙosarwa kuma ba ya ƙarewa. Wanda aka ɗauki nauyinsa 'yan shekaru ya koyi sana'a kuwa, zai yi aiki har ya tsufa yana biyan haraji, ya mayar da abin da aka kashe masa har da riba, daga harajin nan kuma za a biya su fansho. Ta ce ba sadaka ta zo roƙo ba, jari ne, kuma ƙin zuba shi ya fi zuba shi tsada.

An gayyace ni, aka ba ni kujera a gaba, don a nuna cewa ɗan Roma ma yana iya karatu, kamar yadda mai wasa da biri ke nuna birinsa a kasuwa. Na zauna da rigar shara a ƙarƙashin kwat. Da ta gama sai wani dattijo mai kiwon zuma, wanda muka yi aji ɗaya da shi, ya nuna ni da sandarsa ya ce to ga jarin da aka zuba tun zamanin gurguzu nan zaune, a tambaye shi ina ribar. Zaure ya kwashe da dariya, yarinyar ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ni ma na yi dariya, Tibor, to me zan yi? Na ce masa ribar tana nan, na yi ta yawo da ita ƙofa-ƙofa ba wanda ya yarda ya karɓa. Ba su ji ba, sun riga sun miƙe zuwa teburin giya. A hanyar gida na yi ta juya maganar yarinyar, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Ba daɗi ka ji ana lissafin jikarka kamar maraƙin da za a yi kiwo. Amma duk rayuwata cikin ciyawar da ake son nomewa ake lissafa mu. In yau an ɗaga mu zuwa maraƙi, ba zan yi fushi ba.

Motar safe daga ƙauyenmu ba ta isa birni kafin a shiga aji, don haka dole Denisa ta kwana can. An ba ta gado a gidan kwanan 'yan mata, aka ce ta zo da kayanta ƙarshen Agusta. Na ce ni da ita za mu tafi a motar haya, mu biyu, ba hayaniya. Yaya Aranka ta dube ni kamar na ce a jefa yarinyar a rijiya. Ta ce ko haƙori za a cire wa mutum a asibiti dangi kan cika farfajiya, ballantana yarinyar da za ta kwana cikin baƙi karon farko a duniya. Wanda mutum ɗaya ke rakawa, in ji ta, ai fursuna ne. Ta ce so take gajo su gani da idonsu cewa yarinyar nan tana da mutane, kada wani ya yi tunanin taɓa ta. Ka san ba ƙarya ta yi ba. Haka muke tun kakanni, ba ma barin namu shi kaɗai, ko a ciwo, ko a kotu, ko a kan gadon mutuwa, kuma abin da ya riƙe mu kenan ba mu ƙare ba. Na san abin da zai faru, na faɗa, aka ce Injiniya yana jin kunyar danginsa.

Da ka ga tafiyar nan. Motar Bandi ta cika har ƙofar baya sai da igiya, wata motar ta bi bayanta. Uwarka a gaba da siket ɗinta na biki da 'yan kunnen zinariya, ta rungume tukunyar goja, hanjin nan cushe da dankali da ta wuni tana yi, da marikla, gurasarmu ta gida, mai zafi a naɗe cikin tawul, wadda ko burodin birni bai isa ya tsaya kusa da ita ba. Ga bargon gashin agwagwa, ga kwano da cokali da kofi na yarinyar ita kaɗai, don uwarka ta ce jikarta ba za ta ci a kwanon da ba a san a wane baho aka wanke shi ba. Ga baho biyu, ɗaya na wankin tufafin saman jiki ɗaya na tufafin ƙasan jiki, yadda al'adarmu ta ce. Surukin Bandi ya ɗauko gogensa. Denisa ta matse a tsakiyar mata da jakarta a cinya.

Muka sauka a ƙofar gidan daidai lokacin da gajo ke sauke 'ya'yansu, uwa da uba da akwati ɗaya mai taya. Mu kuwa muka cika matakala. Yara suka bazu suna buɗe famfo suna rufewa don mamakin ruwan zafi. Uwarka ta wuce ɗakin kai tsaye, ta ɗaga katifa ta shinshina, ta tambayi yarinyar da za su zauna tare 'yar gidan wa ce, kuma uwarta tana raba wanki ko haɗawa take yi. Sannan ta buɗe tukunya a kan teburin karatu ta fara zuba wa kowa, har iyayen yarinyar, don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Uban ya ja 'yarsa da akwatinta ya yi waje. Mai goge ya fara ja a ƙasan bene, a hankali ma, waƙar rakiya. Ban ga wanda ya kira 'yan sanda ba, na dai gan su.

Ba a kama kowa ba, don ba wanda ya yi laifi. Shugabar gidan, wata mace mai furfura da makullai a wuya, ta kira ni gefe saboda kwat ɗina, ta ce an yi kuskure a rabon gadaje, ɗakin ya riga ya cika, za su neme mu. Na san wannan murya, ita ce mai cewa jiya aka ɗauki wani. Muka kwashe baho da bargo muka koma mota. A hanya uwarka ta ce ai gara da muka je, mun ga halinsu tun kafin su cinye mana yarinya. Bandi ya ce gojar ce ta fi ƙarfinsu, hancin gajo bai saba da abinci ba. Aka yi dariya, aka cinye sauran a mota. Denisa tana kallon taga. Da muka iso ta sauka, ta ɗauki bokiti ta nufi rafi da kayan fitarta a jiki. Washegari uwarka ta kira ka ta ce makaranta ta ƙi yarinya, kai kuma ka ce a turo ta. Ban ga laifinka ba, da abin da aka gaya maka ka yi aiki.

Aka fara karatu babu ita. Ina shara ina hango ta tana shanya. Ba ta roƙe ni komai ba, wannan ne ya fi damuna. Ran nan na jingine tsintsiya a bayan coci na hau mota ni kaɗai. Shugabar ta bar ni a tsaye a baranda har ƙafafuna suka yi tsami, sannan ta ce in shigo. Ban haɗa ta da Allah ba, ban yi mata maganar adalci ba, na gwada waɗannan a ofisoshi da yawa. Maganar mai tabarau na ara. Na tambaye ta cikin 'yan matan da ke fita daga gidan nan da takardar jinya, nawa ne ke zama a ƙasar; ta ce su ne dai ba su da yawa. Na tambaye ta ko tana da tsohuwa a raye. Ta ce mahaifiyarta tana gidan tsofaffi, na ga bakinta ya ɗan motsa, don ta fi ni sanin yadda ake jira a can kafin a zo a juya mutum. Na ce mata gadon nan da ta hana, ba a kanmu kaɗai asararsa za ta faɗa ba. Yarinyar za ta tafi Ingila ta yi rainon ƙannenta, daga nan ta yanka kaji, harajinta ya shiga aljihun mutanen can, ita kuma shugaba ranar da ta kwanta ta danna ƙararrawa, sai ta yi ta jira.

Ta daɗe tana wasa da makullanta. Sannan ta ce za ta ba da gado, a ɗakin ƙarshe kusa da wurin wanki, yarinyar ita kaɗai, amma da sharaɗi. Ga yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba: "Ba wanda zai zo mata nan. Ba kaka, ba kawu, ba tukunya. Ranar da na ga mutum ɗaya naku a ƙofar nan, ta tattara kayanta." Na ce ko ni? Ta dubi kwat ɗina ta ce ko ni. Na ce na yarda. Na yarda, Tibor, ni da ba ubanta ba, na sayar da abin da ba nawa ba. Na fito ban san ko nasara na ci ko mari aka yi mini ba.

Da na gaya wa Yaya Aranka ba ta yi ihu ba, daga nan za ka gane girman abin. Ta ajiye wuƙar ferar dankali, ta ce a zamanin gurguzu hukuma ce ke zuwa da mota ta kwashe 'ya'yan Roma zuwa gidan marayu, yau kuma an ci gaba, ƙaninta ne ke kai su da hannunsa. Ta ce yaron da ba a zuwa dubawa maraya ne ko iyayensa na raye. Ta tuna mini yadda na dawo daga tawa makarantar, ina cin abinci a gefe da cokali mai yatsu, na rasa abin faɗa wa kowa. Gajo ba su karɓe ni ba, namu kuma suka riƙa ba ni kujera kamar baƙo. "Kai ɗaya ka ishe mu, Injiniya," in ji ta, "ba mu da wurin ajiye biyu." Har yau ina juya maganar nan.

Na sami Denisa a bakin rafi tana ɗauraya. Na gaya mata sharaɗin duka, ban rage masa ɗaci ba. Na ce za ta ci ita kaɗai, ta kwana ita kaɗai, in zazzaɓi ya kama ta ba mai zama a bakin gadonta. In ta gama kuma ban yi mata alkawarin komai ba, ta dube ni ta ga abin da takarda ke iya zama. Ka san bakinta da ni. Ta ce wai ni inji na koya, inji kuwa ana rufe shi a sayar da ƙarfen. Ita tsofaffi za ta koya, su ko ba a taɓa rufe masana'antarsu ba, ga ni nan ma ina kan layi. Na ce ja'ira, ko mutuwa zan yi ba zan bar ki ki yi mini allura ba. Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta matse rigar da ke hannunta ta ce: "Ina jin tsoro, Kaka Kalman. Amma in na tafi wurin Baba, na san yadda kowace rana tawa za ta kasance har in tsufa. Can ban sani ba. Ka kai ni."

Ba sata muka yi ba. Ranar Lahadi bayan coci muka bi ta tsakiyar unguwa da jaka ɗaya, mutane suna tsaye a ƙofofinsu, ba wanda ya taka mana ko zuwa gada. Uwarka ta zauna ta juya mana baya. Sai da muka hau mota Denisa ta buɗe jaka ta ga kofinta da cokalinta a naɗe cikin ɗankwalin kakarta, ba mu san lokacin da ta sa ba. A birni na tsaya a kwanar titi wajen wani shagon magani, inda ake hango ƙofar amma ba a ganin mutum daga tagar shugaba. Na miƙa mata jaka. Tsakanin shagon da ƙofar ba nisa, amma ban taɓa ganin tafiya mai tsawo kamarta ba. Ta waigo, sai na yi kamar ina karanta tallan maganin tari, don kada wani ya haɗa ta da ni. Tun ina saurayi nake jin haushin masu yin kamar ba su san mu ba, ga shi na yi wa jikata.

Yanzu ba mai yi mini magana a unguwa. Bandi in ya hango ni sai ya cusa kai cikin injin motarsa. Tun rasuwar matata Etela a gidan uwarka nake ci, ka sani. Har yanzu tana aiko kwano, don ko kare ba ta bari da yunwa, amma a bakin ƙofa ake ajiyewa, a ƙwanƙwasa a tafi. Na hana Denisa zuwa gida kafin ranar da muke kunna wa matattu kyandir a farkon Nuwamba, don na san in ta shiga ɗakin kakarta ta ji ƙamshin marikla yanzu, ba za ta sake fita ba. Shugabar ta yarda ta riƙa zama ƙarshen mako tare da 'yan nesa. Ina share titi, in dubi tudu, in dubi rafi, ba inda nake da wurin zama. Kada ka ɗauka na tabbata da abin da na yi. Mai tabarau ta yi lissafin ribar gwamnati, ba ta sa abin da yarinya ke biya ba, a ɗakin ƙarshe kusa da wurin wanki, da kofi ɗaya. Mai yiwuwa Denisa ta gama a ce mata jiya aka ɗauki wata. Mai yiwuwa a ɗauke ta, wata tsohuwa ta ce ba ta son baƙin hannu ya taɓa ta. Amma tsofaffi suna ƙaruwa, hannaye suna raguwa, kuma na lura ƙyamar gajo kan yi sauƙi ranar da ya kasa tashi zuwa bayan gida. A kan wannan kaɗai na dogara, ba a kan kirkin kowa ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma shi ne dalilin takardar nan duka. Na san kuna cikin matsi, Renata tana bukatar hannu, mai gidan haya kuma ba ya jira; ban raina wannan ba. Denisa ta ce ba za ta iya ci gaba da ɓoye maka ba, za ta kira ka da bakinta ranar Lahadi mai zuwa. Za ka ji muryarta ta yi sanyi. Za ta ce abincin ba gishiri, 'yan ajinsu ba sa zama kusa da ita, ɗakin tsit kamar maƙabarta. Wataƙila ta yi kuka. Kai kuma ɗan Aranka ne, jinin da ba ya iya jin nasa yana kuka shi kaɗai, bakinka zai buɗe da kansa ya ce taho. Ta jure bayan da kakarta ta juya mata, ta ratsa unguwa duka ba ta sunkuyar da kai ba, amma ta gaya mini a mota cewa in Baba ya ce ta taho, a ranar za ta tattara. Ban ce ka yabe ni ba, ban ce ka yafe mini ba. Ka tambaye ta me aka koya mata a makon, ka bar ta ta yi ta bayani ko ba ka gane ba. Ka ce mata ta riƙa sa rigar sanyi. Kalma ɗayar nan kawai ka haɗiye. Mun raka ta da mota biyu mun rufe mata ƙofa. Rakiyar da ta rage mana yanzu ita ce kowa ya tsaya inda yake.

Ka gaishe mini da Renata, ka ce mata na san a kanta nauyin ya faɗa, kuma ina jin kunyarta. Ka shafa mini kan Patrik da ƙaramar Vanesa, ka gaya musu suna da wani kaka a nan mai tsintsiya. Gaisuwa ga surukinka Ondrej da iyalinsa, da tsoho Gejza in har yanzu yana gane mutane. Uwarka ba ta san na rubuta ba, don haka ba ta ba da saƙo ba. Amma na hango ta taga, kyandir ɗin gaban hoton ya zama biyu tun ranar da yarinyar ta tafi. Ubangiji ya sake haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Ni ne kawunka, ko kana fushi da ni ko ba ka yi,
Kalman Mirga